Tambaya da Amsa: Shin ma'aunin da aka gwada a Italiya zai yi aiki a Daura?

Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata da ke Daura, kuma ni aka ɗora wa nauyin ba ɗalibai shawara. Ina kuma karatun digiri na biyu a fannin ilimi. A cikin karance-karancena na ci karo da wani bincike da aka yi a Italiya, inda aka tantance wata takardar tambayoyi da ke auna yadda damuwa da sauran matsalolin ƙwaƙwalwa suke tauye wa matasa harkokinsu na yau da kullum. Masu binciken sun ce takardar ta inganta. Ina son a fayyace mini me ake nufi da wannan tantancewa, sannan tun da an riga an tabbatar da ingancinta a can, me zai hana in fassara ta zuwa Hausa in raba wa ɗalibaina? Ina da 'yan mata da nake ganin suna dusashewa a gabana, ba ni kuma da abin da zan auna halin da suke ciki. Allah Ya ƙara basira.

Daga wata malama a Daura

Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya saka miki da alheri a kan kulawar da kike yi da 'ya'yan mutane. Zan fara da abin da irin wannan takarda take aunawa, domin a nan ne mutane da yawa suke rikita abubuwa biyu da suke kama da juna.

Alamomin ciwo daban suke da ɓarnar da ciwon yake yi wa rayuwa. Yarinya za ta iya fama da faɗuwar gaba da rashin barci, amma duk da haka ta je makaranta, ta ci jarrabawa, ta yi wa mahaifiyarta wanke-wanke, ta yi dariya da ƙawayenta. Wata kuma alamominta ba su kai na ta farkon yawa ba, amma ta daina fita, ta bar zuwa Islamiyya, ba ta shiga hira a tsakar gida, littafi ma ba ta iya buɗewa. Idan alamomi kaɗai aka ƙirga, ta farkon za a ce ta fi jin jiki, alhali ta biyun ce rayuwarta ta tsaya cik. Wannan tsayawar ita ce abin da masana suke kira tawayar harkokin yau da kullum, kuma ita ce yawanci take sa iyaye su tashi neman magani, domin ba kasafai uwa take cewa 'yarta tana da ƙunci ba, sai dai ta ce yarinyar ta daina taɓuka komai. Likitocin ƙwaƙwalwa ma, a yawancin cututtukan da suke ganowa, ba su yanke hukunci da alamomi kawai sai sun ga alamomin sun jawo ƙunci mai tsanani ko sun hana mutum gudanar da rayuwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, don haka abin da kike gani a ajinki ba baƙon abu ba ne.

Akwai ma'aunai da dama da aka tsara don wannan aiki. Wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Landan, Robert Goodman, ya fitar da takardar SDQ a 1997, mai tambayoyi 25 da aka kasa gida biyar, daga baya kuma ya ƙara mata wani sashe da ke tambayar ko matsalar yaro tana shafar zamansa a gida, da abotarsa, da karatunsa a aji, da lokacin hutunsa. Akwai WSAS, gajeriya mai tambayoyi biyar, kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 8, jimla 40, wadda aka fara yi don manya sannan aka yi ta matasa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tata, WHODAS 2.0, mai tambayoyi 36 da kuma gajeriyarta mai 12, wadda take tambaya game da kwanaki 30 da suka wuce. Ko wacce ce daga cikin irin waɗannan kika gani, hanyar tantance ta ɗaya ce, kuma lura da cewa yawancinsu da Turanci aka fara rubuta su. Wato su kansu Italiyawan aro suke yi a mafi yawan lokuta, kuma abin da ya sa suka zauna suka yi bincike shi ne ba su yarda cewa abin da ya yi aiki a Ingila ko Amurka zai yi aiki a Roma ba sai sun gwada. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki amsar tambayarki ta biyu.

Ki ɗauki misali da tiya. Duk wanda ya taɓa awon gero ya san ba kowace tiya ce daidai da 'yar'uwarta ba. Akwai wadda aka buga wa gindi, akwai wadda bakinta ya buɗe, kuma ta wannan kasuwa takan bambanta da ta waccan. Mai saye mai hankali yakan tambayi abu biyu. Shin idan aka auna buhu ɗaya yau aka sake aunawa gobe, adadi ɗaya za a samu? Shin kuma abin da ake kira tiya ɗin nan tiya ce ta gaskiya, ko an tauye ta? Tantance takardar tambayoyi amsa waɗannan tambayoyi biyu ne da hujja. Ta farko ita ce tsayuwar ma'auni a kan magana ɗaya, ta biyu ita ce ko yana auna abin da aka ce yana aunawa. Kwano tauyayye yana iya cin jarrabawar farko, domin kullum adadi ɗaya zai ba ki, amma ya faɗi ta biyu.

Don gwada tsayuwa a kan magana ɗaya, ana ba matasa takardar su cika, a sake ba wasu daga cikinsu bayan kamar mako biyu, a duba ko amsoshin sun yi kusa, matuƙar ba wani babban abu da ya canza a rayuwarsu. Ana kuma duba ko tambayoyin suna tafiya tare, ta hanyar wani lissafi da Lee Cronbach ya bayyana a 1951, wanda ake kira alfa. Iyakarsa 1, kuma an saba ɗaukar 0.7 zuwa sama a matsayin abin karɓa. Ina gargaɗin ɗalibai a kan wannan lamba, domin na ga ayyuka da yawa da marubucinsu ya kawo alfa mai kyau ya ce an gama. Alfa yana hauhawa idan tambayoyi suka yi yawa ko suna maimaita juna, kuma ba ya cewa komai game da ko abin da ake aunawa shi ne abin da ake nema.

Gwajin na biyu ya fi wuya. Ana duba ko makin takardar yana tafiya tare da wasu ma'aunai da ya kamata ya bi, misali ma'aunin ƙunci ko na fargaba, da kuma abubuwan zahiri kamar yawan fashin makaranta. Ana kwatanta matasan da suke zuwa asibiti neman magani da waɗanda ba su zuwa, a ga ko takardar ta iya rarrabe su. Ana yin wani lissafi da ke nuna ko tambayoyin sun taru a rukunan da aka tsara su, wato na makaranta sun haɗu wuri ɗaya, na gida sun haɗu wuri ɗaya, ko kuwa sun warwatse. Masu taka-tsantsan kuma sukan duba ko maza da mata suna fahimtar tambayoyin iri ɗaya, domin in ba haka ba, duk kwatancen da za a yi tsakaninsu rusasshe ne. Irin wannan aiki yana bukatar mutane da yawa; ƙa'idar da aka saba bi ita ce a samu aƙalla mutum goma a kan kowace tambaya, kuma yawanci ɗaruruwa ake nema.

Yanzu ga inda nake son ki tsaya ki yi nazari, domin shi ne gundarin maganar. Tawaya ana auna ta ne da abin da rayuwa take nema daga mutum, kuma abin da rayuwa take nema daga 'yar shekara 15 a Milan ba shi take nema daga 'yar shekara 15 a Daura ba. A Italiya karatu tilas ne daga shekara 6 zuwa 16, babbar sakandare kuma shekara biyar ce, daga 14 zuwa 19, don haka mai bincike da ya shiga makarantu ya sami mafi yawan matasan ƙasar. Tun 1977 dokarsu ta rufe ajujuwa na daban, ta sa yara masu naƙasa su zauna aji ɗaya da sauran tare da malamin tallafi, a 1978 kuma suka yi dokar da ta kai ga rufe manyan gidajen tsare masu taɓin hankali, aka mayar da kulawa cikin al'umma. Wato idan takarda ta nuna yaro yana da matsala, akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A wurinmu, mai binciken da ya tsaya a makarantar boko ya bar almajiri, ya bar mai talla, ya bar yaron da yake koyon kanikanci ko ɗinki, ya bar wadda aka riga aka aurar, kuma ba mamaki a cikin waɗannan ne nauyin ya fi yawa.

Ki dubi tambayoyin kansu. Takardun nan sukan tambayi ko matsalar matashi ta hana shi jin daɗin lokacin da yake hutawa shi kaɗai, kamar karance-karance ko sauraron kiɗa a ɗakinsa. Ɗalibarki da take kwana ɗaki ɗaya da ƙannenta huɗu, ta tashi da asuba ta hura wuta, ta dawo daga boko ta wuce Islamiyya, ta dawo ta tarar da tuwon dare, wane lokaci ne nata ita kaɗai? Idan ta ce ba ta yin waɗannan abubuwa, takardar za ta lissafa mata tawaya alhali lafiyarta lau. A ɗaya ɓangaren kuma, abubuwan da in ta bar su gidan kowa zai gane akwai matsala, kamar salla a kan lokaci, da hadda, da gaida manya, da zuwa suna ko biki ko ta'aziyya, da kula da ƙanne, da ɗebo ruwa, ba lalle ne a same su a takardar yadda muka san su ba. Ma'aunin yana iya ƙirga abin da bai dame mu ba, ya tsallake abin da yake gabanmu.

Akwai kuma batun dalili. Tambayar tana cewa ne saboda matsalata na kasa yin kaza, kuma wannan saboda ɗin shi ne ƙashin bayanta. A jiharmu yaro yana iya fashin makaranta saboda zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon sikila, ko yunwa, ko aikin gona da damina, ko tsoron hanya. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, iyaye da yawa sun ji tsoron makarantun kwana, kuma wannan tsoro na mai hankali ne. Idan fassara ta yi sakaci da wannan kalma, za ki auna talauci da rashin tsaro ki sa musu sunan ciwon ƙwaƙwalwa.

Sai harshe da ɗabi'a. Bahaushe ko yana kwance rai a hannun Allah, in aka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce. An tarbiyyantar da mu a kan haƙuri da kara da ɓoye sirrin gida, 'ya mace kuma an ƙara mata da kunya. Idan malamarta ta miƙa mata takarda da ke tambayar ko tana samun saɓani da iyayenta, abin da zai fara zo mata shi ne wa zai karanta. Matakan amsa ma abin dubawa ne: tsakanin kaɗan, da ɗan dama, da dama-dama, da sosai, ba kowa ne yake jera su iri ɗaya ba, kuma ma'auni mai hawa tara daga 0 zuwa 8 yana iya zama wa yarinya wasan lambobi kawai. Kalmar damuwa kanta tana ɗaukar abubuwa da yawa, daga rashin kuɗin makaranta har zuwa ƙuncin da yake hana mutum tashi daga shimfiɗa. Da yawa kuma ba za su ce ransu a ɓace yake ba, za su ce kansu yana nauyi, ko ƙirjinsu yana zafi, ko tunani ya yi musu yawa.

Ba ina hana ki ba ne, Malama. A ganina aikin da kike son tsallakewa shi ne ya fi cancanta ya zama aikin digirinki. Ki fara da neman izinin masu takardar, domin wasu suna da sharuɗɗa masu tsauri a kan fassara, kuma ki tambaye su ko an taɓa mayar da ita Hausa. Ki koma ga asalinta na Turanci in da shi aka fara rubuta ta, kada ki fassara fassara. Kafin ki taɓa alƙalami, ki zauna da ɗalibai da iyaye mata da malaman Islamiyya, ki tambaye su da me suke gane yarinya ta fita daga hayyacinta na yau da kullum. Abin da za su faɗa miki shi zai nuna gibin takardar. Daga nan mutum biyu da Hausa ce harshen uwarsu su fassara kowa shi kaɗai, ɗaya masanin fannin, ɗaya kuma wanda bai san shi ba, a haɗa a daidaita. Sai wasu da ba su taɓa ganin asalin ba su mayar da Hausar zuwa Turanci, a kwatanta, domin a kama inda ma'ana ta zame. Wannan dabara an san ta da sunan Richard Brislin tun 1970, kuma ƙa'idojin da Beaton da abokan aikinta suka wallafa a 2000 sun ƙara da kwamitin masana da gwajin farko a kan mutum 30 zuwa 40. A wannan gwaji ki riƙa tambayar kowace yarinya ta faɗa miki da bakinta abin da ta fahimta da tambayar. A nan ne za ki ji inda Hausar littafi ta rabu da Hausar da ake yi a Daura, a nan ne kuma za ki yanke shawara ko za a riƙa karanta wa masu amsa ne da baki, tun da ba kowa ne yake karanta boko da sauri ba.

Ki ji ta bakin iyaye ma, amma kada ki firgita idan amsarsu ta saɓa da ta 'ya'yansu. Bincike ya daɗe da nuna cewa abin da iyaye suke faɗa da abin da yaro yake faɗa game da kansa ba su cika dacewa sosai ba. Uwa tana ganin abin da ya fito fili, yarinya ita ta san abin da yake cinta a ciki, kuma kowane yana da amfaninsa.

Abu ɗaya da ba zan yi miki sassauci a kai ba shi ne haƙƙin yaran. Sai kin sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, da izinin hukumar makaranta, da yardar iyaye, da kuma yardar ita yarinyar ba tare da tsoron cewa ƙin amsawa zai taɓa makinta ba. Tun da ke malamarsu ce, ya fi kyau wani ne zai karɓi takardun, kuma ba tare da suna a fili ba. Kafin ki raba ko guda ɗaya, ki san inda za ki kai wadda amsarta ta nuna tana cikin haɗari. Ki nemi haɗin kai da likita ko ma'aikaciyar jinya a babban asibiti mafi kusa, ki san hanyar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ki kuma san akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba masu wannan lalura haƙƙin a mutunta su a kuma rufa musu asiri. Su kuwa 'yan matan da kika ce suna dusashewa, kada ki sa su jiran bincike. Ki kira su ɗaya-ɗaya wurin da babu mai ji, ki tambaye su barci da ci da karatu da ƙawaye da gida, ki saurara, wadda kika ga abin ya yi nisa ki zauna da mahaifiyarta a cikin makon nan.

*

Malam, barka da aiki. Ɗana yana aji biyar a sakandare a nan Katsina. An ba su wata takarda irin ta tambayoyin halin rayuwa, aka kira ni aka ce makinsa ya haura iyaka. Shin wannan yana nufin yana da taɓin hankali? Mahaifiyarsa ta kasa barci tun ranar.

Daga wani uba a Katsina

Alhaji, ka kwantar da hankalinka, ka kuma kwantar wa mahaifiyarsa da nata. Takardar tambayoyi ba ta gano ciwo, aikinta kamar rariya ne, tana ware waɗanda ya kamata a duba da kyau. Iyakar da ake sa wa maki kuma zaɓi ne da masu bincike suke yi tsakanin kuskure biyu: idan aka sauke ta ƙasa, za a kama kusan duk masu matsala amma a haɗa da lafiyayyu da yawa, idan kuma aka ɗaga ta sama, za a bar lafiyayyu su wuce amma wasu masu bukata su sulale. Masu tsara irin waɗannan takardu sukan gwammace kuskure na farko, don haka da yawa daga cikin waɗanda suka haura iyaka, in likita ya duba, ba a samun komai sai gajiya ko fargabar jarrabawa ko wata damuwa mai wucewa. Idan kuma iyakar daga wata ƙasa aka aro ta ba tare da an gwada ta a kan yaranmu ba, ƙarfinta ya ƙara raguwa, kamar yadda na bayyana wa malamar da ta rubuto daga Daura.

Amma kada ka jefar da maganar. Ka tambayi waɗanda suka ba da takardar wace ce, da wane harshe yaron ya amsa, kuma a waɗanne tambayoyi ne makin ya hau. Sannan ka duba da idonka: yana cin abinci kamar da, yana barci, yana zuwa masallaci da wurin ƙwallo tare da abokansa, sakamakonsa ya faɗi a zangon nan, ya fara zama shi kaɗai ko yawan fushi, ko ka ga alamar yana shan wani abu? Ka ja shi a jiki ku yi magana ba tare da faɗa ba, in kuma yana jin nauyinka, ka sa kawunsa ko yayansa da ya saba da shi. Idan canjin ya kai makonni yana nan, ku je asibiti a duba shi, a kuma duba jininsa da lafiyar jikinsa gaba ɗaya, domin ƙarancin jini da wasu cututtukan jiki suna kawo kasala irin wannan. Addu'a da magani ba su karo da juna, ku haɗa su. Idan kuwa ya taɓa furta cewa ya gaji da rayuwa ko yana son cutar da kansa, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kai shi wurin likita a ranar.